Tiyatar Yanar Ido: Wace Hanya Ce Ta Fi, Kuma Ga Wa?

Da wuya a sami zuri'ar da babu tsoho ko tsohuwa da ganinsu ya dusashe, tun suna kukan hazo-hazo har ta kai sai an ja musu sanda. Sau da yawa yana ce ta rufe idon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 94 ne yanar ido ta raunana wa gani ko ta makantar, kuma babu cutar da ta kai ta makantar da mutane a faɗin duniya. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce sanadin kashi 43 cikin 100 na wannan makantar. Arewa maso gabas ce ta fi kowane yanki yawan makafi, da kashi 6.1, yayin da kudu maso yamma take da kashi 2.8.

Har yau babu maganin ɗigawa, babu tozali, babu saiwa ko zuma da ke wanke yana. Tiyata ce kaɗai maganinta. Sai dai tiyatar ba iri ɗaya ba ce. Idan iyali suka kai tsohonsu asibiti sukan tarar da farashi biyu ko uku, a ce musu wannan aikin na'ura ne, wancan aikin hannu ne. Da yawa sukan fito da tunanin cewa mai arahar ta talaka ce, ana yin ta ne don babu yadda za a yi. Binciken da aka yi shekara da shekaru bai goyi bayan wannan tunani ba, kuma ya kamata duk mai tsoho a gida ya san dalili.

Abin da ake cirewa

Yana ba fata ce da ta tsiro a kan ido ba. A bayan ƙwayar ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, faɗinsa kimanin santimita ɗaya, aikinsa shi ne tattara haske ya sauke shi daidai a kan tantanin gani da ke can bayan ido. Idan shekaru suka ja, sinadaran da ke cikinsa sukan dunƙule, sai ya yi dishi-dishi, ya koma rawaya, ko ruwan ƙasa, ko fari fat. Ciwon suga, shan taba, yawan zama cikin zafin rana da daɗewa ana amfani da magungunan siteroyid duk suna gaggauta zuwanta.

Ginin wannan madubi kamar na dabino yake: siririyar fata a waje, wadda likitoci ke kira jaka, nama mai laushi a ciki, sai ƙwallo a tsakiya wanda ke ƙara tauri da tsufa. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin tiyata duka yana komawa ga abu uku: girman ƙofar da za a buɗe a ido, yadda za a fitar da ƙwallon, da abin da za a saka a gurbinsa.

Soke ido da allura

Hanya mafi daɗewa ita ce a soka allura ko tsinke ta gefen ido, a tunkuɗa madubin da ya lalace ya faɗa can cikin ido. An bayyana ta a littafin Sushruta na tsohuwar Indiya, kuma an yi ta a ƙasashen Larabawa da Turai ɗaruruwan shekaru. Tun wajajen shekara ta 1000 wani likitan ido ɗan Mosul da ya yi aiki a Masar, Ammar bin Ali al-Mausili, ya nemi abin da ya fi haka, ya ƙera allura mai rami da ake zuƙo yana mai laushi da ita.

A ƙasarmu wannan aikin bai zama tarihi ba. Binciken Najeriya da aka ambata ya gano cewa sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, soke su aka yi ta hanyar gargajiya, kuma abin ya fi yawa a arewa. Kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu makafi ne a lokacin da aka duba su. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, da zarar an ture yanar haske yakan shiga nan take, tsoho ya ga inuwar 'ya'yansa, a yi ta hamdala. Amma ido ya rasa madubinsa, ba zai iya tattara haske ba sai da tabarau mai kauri. Madubin da aka bari a ciki kuma yakan tayar da kumburi da hawan jinin ido, allurar takan shigar da ƙwayoyin cuta, tantanin gani yakan ɓalle. Kafin waɗannan su bayyana mai aikin ya bar garin.

Mutane ba don rashin hankali suke zuwa wurinsa ba. Yana zuwa har ƙofar gida, yana magana da harshensu, ana iya daidaitawa da shi a kan biya. Duk wata hanyar zamani da za a yi magana a kanta, da shi take takara a ƙauye.

Babban yanka

Likitan Faransa Jak Dabiyel ne ya fara yanka ido ya fito da yanar waje a 1747. Daga nan aka sami hanyoyi biyu. Ta farko, a cire madubin gaba ɗaya har da jakarsa, ta ƙofa mai faɗin milimita 10 zuwa 12. Ita ce aka fi yi a tsakiyar ƙarni na 20. Matsalarta ita ce babu inda sabon madubi zai zauna, don haka majiyyaci yakan rayu da tabarau mai kaurin gaske. Ranar da tabarau ɗin ya fashe ko ya ɓace, mutum ya koma gidan jiya. Yanzu ba a yin ta sai idan madubin ya goce daga mazauninsa.

Ta biyu, a buɗe gaban jakar, a fitar da ƙwallon da naman, a bar bayan jakar a wurinsa. Darajar wannan ta fito fili bayan aikin Harol Ridli, likitan ido na Ingila. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, inda ya yi nazarin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa a arewacin ƙasar. Ya kuma lura cewa ɓarɓashin robar gilashin jiragen yaƙi da ya shiga idanun matuƙa yakan zauna ba tare da ido ya ƙi shi ba. A Nuwamban 1949, a asibitin Sen Tomas na Landan, ya yi aikin da ya kai ga dasa madubin roba na farko a idon ɗan Adam. Abokan aikinsa sun daɗe suna sukarsa, amma yau babu tiyatar yana da ake ɗauka cikakkiya idan ba a dasa madubi ba.

Babban yanka da dashen madubi yana dawo da gani sosai. Illarsa ɗinki ne. Zaren yakan ja tantanin gaban ido ya karkace, gani ya ɗauki makonni kafin ya daidaita, majiyyaci ya yi ta komawa asibiti don a cire zare. Ga wanda ya zo daga ƙauye mai nisa, kowace komawa kuɗin mota ne da asarar yini ga mai rakiya.

Feko

A 1967 Calis Kelman na Niyok ya fito da hanyar da likitoci ke kira feko a taƙaice. Ya ɗauko dabarar ne daga na'urar da likitan haƙori ke kankare datti da ita. Ana shigar da siririn bututu mai girgiza da saurin da kunne ba ya ji, ya farfasa ƙwallon a cikin ido, ya zuƙe ɓarɓashin. Da aka ƙera madubi mai naɗuwa a shekarun 1980, sai ya zama ana iya yin aikin duka ta ƙofar da ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, galibi babu ɗinki, wani lokaci ma da maganin kashe zafi na ɗigawa kawai.

Ƙaramar ƙofa ba ta karkatar da ido sosai, tana warkewa da wuri, mutum yana komawa harkokinsa cikin kwanaki. Shi ya sa feko ta zama hanyar da aka fi yi a Turai da Amurka da manyan biranen duniya. Amma tana da sharuɗɗa. Na'urar tana da tsada, kayanta da yawa sau ɗaya ake amfani da su, tana son wutar lantarki tsayayya da mai gyara a kusa. Koyon ta yana ɗaukar lokaci. Sannan idan ƙwallon ya yi tauri ƙwarai, sai an ƙara ƙarfin girgiza da tsawon lokaci, kuma wannan yana kashe ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bayan tantanin gaban ido. Waɗannan ƙwayoyi su ke hana tantanin yin ruwa, kuma jiki ba ya sake haifar su. Idan suka ƙare, tantanin ya yi fari, ganin da aka nema ya tafi.

Ƙaramin yanka na hannu

Wannan hanya ta fito ne daga buƙatar wuraren da majiyyata suke da yawa, kuɗi kaɗan, yana kuma ta riga ta ƙosa. Maikel Bulumental na Isra'ila ya bayyana wani salonta a farkon shekarun 1990, Sanduk Ruwit na Nepal ya sauƙaƙa ta ya yaɗa ta daga cibiyar Tilganga da ke Katmandu, asibitocin Arabin da ke kudancin Indiya kuma suka yi ta ga ɗimbin mutane. Likita yakan fafe wata 'yar hanya a cikin farin ido, faɗinta milimita 6 zuwa 7, wadda aka yanka a karkace yadda matsin ruwan cikin ido zai rufe ta da kansa. Ta nan ake fito da ƙwallon ɗungurungum, a wanke naman, a saka madubin roba mai tauri a cikin jaka. Yawanci babu ɗinki, babu na'ura mai tsada. Madubin duba aiki da kayan hannu masu kyau sun isa.

Abin da ya ƙarasa karya farashin shi ne ƙera madubin a ƙasashe masu tasowa. Arabin ta buɗe masana'antar Aurolab a 1992, gidauniyar Fired Holos kuma ta kafa masana'antu a Katmandu da Asmara ta Eritiriya. Madubin da a da sai mai hali ya koma 'yan daloli kaɗan.

Da aka gwada su kai da kai

Ma'aunin da ake amfani da shi a irin wannan bincike shi ne 6/18, wato mutum ya karanta daga nisan mita 6 abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 18. A wani gwaji da aka yi a Pune ta Indiya aka buga a 2005, an raba ido 400 tsakanin hanyoyin biyu. Bayan mako shida, kimanin kashi 81 cikin 100 na 'yan feko sun kai wannan ma'auni ba tare da tabarau ba, 'yan ƙaramin yanka kuma kashi 71. Da aka sa wa kowa tabarau daidai da idonsa, dukkan ɓangarorin sun kai kashi 98.

A 2007 aka buga wani gwajin daga Nepal a kan mutum 108 masu yana da ta yi nisa. Ruwit ne ya yi ƙaramin yankan, wani gwanin feko daga Amurka, Debid Cang, ya yi fekon. Bayan wata shida, kashi 89 na ƙaramin yanka da kashi 85 na feko sun kai ma'aunin ba tabarau, da tabarau kuma kashi 98 kowane ɓangare. Ƙaramin yanka ya ɗauki kimanin minti 9, feko minti 15 da rabi. Kuɗin kayan aiki kuwa dala 15 ne a kan dala 70. Nazarin Kokiren na 2013, wanda ya tattara gwaje-gwaje irin waɗannan, ya kai ga abu guda: feko tana iya ba da gani ɗan fi kyau ba tabarau a watannin farko, amma ganin ƙarshe da tabarau kusan ɗaya ne, ƙaramin yanka kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Bayanan tiyata sama da 100,000 daga Arabin sun ƙara da cewa a hannun ƙwararru matsalolin lokacin aiki kusan ɗaya ne, amma a hannun masu koyo sun fi yawa a feko.

Ma'anar wannan ita ce, kowace hanya tana da idon da ya dace da ita. Mai yana matsakaiciya, wanda ke tuƙi ko aikin ofis, yana son komawa aiki da wuri, kuma yana da halin biya a wurin da aka gwanance, feko ta fi masa. Tsohuwar da ta shekara uku ba ta gani, yanarta ta yi fari fat ko baƙi ƙirin, ƙaramin yanka yakan fi mata aminci ko da tana da kuɗin feko. Irin wannan ido shi ya fi yawa a layukan asibitocinmu, domin mutanenmu ba sa zuwa sai gani ya ƙare.

Batun leza

Mutane da yawa suna kiran feko aikin leza, alhali girgiza take amfani da ita. Akwai leza ta gaskiya mai suna femto, wadda Zoltan Naji ya fara amfani da ita a tiyatar yana a Budapes a 2008. Tana yanka ƙofa, ta buɗe jaka da'ira cif, ta sassara ƙwallon, sannan likita ya ƙarasa da na'urar feko. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2020, ɗaya daga Faransa ɗaya daga Birtaniya, sun kwatanta ta da feko ta yau da kullum. Ba su sami wani fifiko a gani ko raguwar matsala da zai biya ƙarin kuɗinta ba. Wanda bai sami leza ba bai rasa komai ba.

Abubuwan da suka fi sunan hanya muhimmanci

Na farko shi ne awon ido kafin aiki. Ido ya bambanta a tsawo da lanƙwasa, don haka kowane ido da ƙarfin madubin da ya dace da shi. Inda ake saka wa kowa madubi mai ƙarfi ɗaya saboda babu na'urar awo, za a cire yana lafiya amma mutum ya tashi yana gani dishi-dishi. Ƙaramin yanka da awo ya fi feko babu awo.

Na biyu shi ne tsafta. Ruɓewar cikin ido bayan tiyata ba ta cika faruwa ba, amma idan ta faru tana iya cinye ido cikin kwanaki. Wanke ido da aidin kafin aiki yana rage ta, kuma wani babban bincike na Turai da aka buga a 2007 ya nuna cewa zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ido a ƙarshen aiki ya rage ta kusan ninki biyar.

Na uku shi ne sauran lafiyar idon. Hawan jinin ido, wanda shi ne na biyu wajen makantar da 'yan Najeriya a binciken ƙasa, da lalacewar tantanin gani saboda ciwon suga, suna iya ɓoyewa a bayan yana. Cire yana ba zai dawo da abin da suka cinye ba, kuma haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa haka tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Na huɗu shi ne bibiya. Bayan watanni ko shekaru, bayan jakar da aka bari yakan yi dishi a wasu mutane, su ɗauka yanar ce ta dawo. Yana ba ta dawowa. Ana buɗe wannan dishin da wata leza mai suna yag cikin 'yan mintuna, mutum yana zaune. Mafi yawan waɗanda aka dasa wa madubi na yau da kullum kuma za su buƙaci tabarau na karatu. Akwai madubai masu tsada da ke rage wannan buƙata, amma wasu masu su suna kukan ƙyalli da zoben haske da daddare.

Na biyar shi ne lokaci. Maganar a jira yana ta nuna gado ce daga zamanin tsofaffin hanyoyi. Yanzu lokacin aiki shi ne sa'ad da yanar ta fara hana mutum karatun Alƙur'ani, ko ɗinki, ko ƙirga kuɗi, ko gane fuska. Jinkiri yana ƙara wa ƙwallon tauri, yana rage zaɓin likita, kuma yanar da ta wuce kima tana iya kumbura ko ta tsiyaye ta tayar da hawan jinin ido mai raɗaɗi wanda ke kashe jijiyar gani.

Inda ya kamata a sa ƙarfi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa ma'auni: aƙalla kashi 80 cikin 100 na idanun da aka yi wa aiki su kai 6/18, waɗanda ganinsu ya kasa kai 6/60 kuma kada su wuce kashi 5. A 2021 Babban Taron Lafiya na Duniya ya ƙara ɗaga buri, ya nemi ƙasashe su ƙara yawan masu samun tiyatar da ta yi nasara da maki 30 cikin 100 kafin 2030. Abin da za a ƙirga yanzu shi ne mutum nawa suka koma gani da kyau, ba ido nawa aka yanka ba.

Wannan ma'auni ya kamata ya zama jagora ga gwamnatocin jihohi da attajirai da ƙungiyoyin da ke ɗaukar nauyin aikin ido kyauta. Kuɗin na'urar feko ɗaya da kayanta zai iya horar da likitoci a kan ƙaramin yanka, ya sayi na'urar awo, ya tanadi madubai masu ƙarfi iri-iri, ya biya motar da za ta ɗauko tsofaffi daga ƙauye, musamman mata, waɗanda a ƙasashe da yawa su ake bari a baya. Manyan wurare irin su Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa suna buƙatar feko, domin a koyar da ita kuma a yi wa wanda ta dace da shi. Amma tarin makantar da ke ƙauyukanmu ƙaramin yanka ne zai sauke shi, idan an yi shi da awo da tsafta, aka kuma rubuta sakamakon kowane ido aka duba shi bayan makonni.

Iyalin da za su kai tsohonsu kuwa, tambayoyin da suka fi amfani su ne: za a auna idon kafin a zaɓi madubi? Za a dasa madubi? An duba hawan jinin ido da bayan ido? Wace hanya likitan ya fi yi, kuma me ya sa ya zaɓe ta ga wannan idon? Yaushe za a dawo, kuma wa za a nema idan ido ya yi ja ko ciwo ya tashi? Likitan da ya amsa waɗannan dalla-dalla ya cancanci a amince masa, ko da hannu zai yi aikin ko da na'ura.